Ranar da na kashe tauraron ƙasarmu da bakina

Shekarun baya can, lokacin da na gama koyon kafa dish a Wurno, ba wanda nake son burgewa a duniya kamar mahaifina. Shi manomin albasa ne, kuma a wurinsa duk sana'ar da ba a duƙa mata wasa ce. Da kaka ta kama sai ya kira ni ya yanke hukunci: in kafa dish a gidanmu, ya gayyato abokansa su kalli tsayuwar Arfa. In hoto ya fito, in ci gaba da sana'ata. In bai fito ba, in bi shi fadama dashen albasa, kuma kada a sake jin maganar.

Na ce na yarda, har da murmushin ƙwararru. Na zaɓi in saita shi kan tauraron ɗan'adam na ƙasarmu, don a lokacin kishin ƙasa na cina. Na zaunar da Baba na ba shi tarihi: an harba na farko, bai daɗe ba ya lalace a sama, sai aka harba wani ya maye gurbinsa. Baba ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Wato na hwarin ya mutu? To wanga mi za ya hana shi bin ɗan'uwa nai?"

Na kafa ƙarfe a tsakar gida na zuba siminti, na ɗora dish, babba ne mai faɗi. Na yi ta juya shi a hankali har hoto ya fito tangaran, sai murna ta sa ban ɗaure notin da ke riƙe shi da kyau ba. Inna ta yi guɗa, maƙwabta suka leƙo. Ranar ko sallama ban amsa da kyau ba saboda jin kai.

Washegari na dawo daga shagon maigidana da la'asar, na kunna talabijin, allo ya nuna ba sigina. Na sake juyawa har ya dawo. Kashegari ma haka. Kwana biyar ina wannan aiki, kullum in gyara da yamma, in tafi shago da safe, in dawo in tarar da allo shuɗi. Ko ɗaure notin da sufana ba na yi, hannu kawai nake sa masa, don na san gobe ma zan kwance. Ni a lissafina dabara ce.

Tsoro ya kama ni sosai, don Arfa na ƙaratowa, kuma na ga Baba ya fara duba iri yana kallona. To ni mutum ne da ba ya son a ce laifinsa ne. Sai na je majalisar ƙofar gida na yi jawabi. Na ce tauraron ne ke yawo a sama, haka na farkon ya fara kafin ya mutu, wannan ma kwanansa ya ƙare. Na faɗa da ƙarfin zuciya, har wani dattijo ya yi salati. Kafin kwana biyu labari ya kai Marnona cewa tauraron gwamnati ya sake mutuwa, kuma ni aka ce na tabbatar.

Ana gobe Arfa sai abokina da muka koyi aiki tare ya zo daga Rabah a kan mashin, ya same ni a shago da hantsi. Ko zama bai yi ba ya ce, "Kai, an ce kai ka kashe tauraro? Ni ko jiya na kahwa ma wani a Goronyo, hoto awa madubi. Tashi mu tai in gani."

Ban taɓa komawa gida a irin wannan lokacin ba. Muka yi sallama muka shiga, sai na tsaya cak. Dish ɗina ya ɗaga fuska sama sosai yana kallon rana, an shanya yankakken guro a cikinsa, wato kuɓewa, an baza shi har baki. Inna na gefe tana tsince wake hankalinta kwance.

Na ce, "Inna, mi na wanga?"

Ta ce, "Guro na, ba ka gani? Ƙasa awaki ka cinye min shi, bisa tabarma kaji su watse. Wanga ko ga tsawo ga zahi, wuni guda ya bushe. Kuma ni ban ɓata maka komi ba, kullum sai na share shi na maishe shi yadda na ishe."

Abokina ya zauna a kan turmi yana dariya har da hawaye. Na yi ƙoƙarin bayyana mata cewa ko faɗin yatsa aka gota, an rabu da tauraron. Ta dube ni ta ce, "To kai mi yas sa ka bash shi sako-sako? Da hannu guda ni ka ɗaga shi." Muka kwashe guron, muka saita, na ɗaure notin nan da sufana har hannuna ya yi ja.

Ranar Arfa dattawa suka cika zaure, aka tada janareta, ga mahajjata nan fari fat a allo. Sai Baba ya juyo a gaban kowa ya ce, "To, malam, tauraron ya tashi daga matattu?"

Zan iya cewa an gyara shi daga can sama, kuma wallahi sai da maganar ta zo min har baki. Amma na ce, "Baba, lahiya tai lau tun hwarko. Ni na ban ɗaure noti ba." Ban ambaci Inna ba. Ita ce da kanta ta ɗaga murya daga cikin gida ta ba da labarin guro, zaure ya kaure da dariya.

Da mutane suka watse Baba ya ce min ba hoton ne ya gamsar da shi ba. Ya ce, "Da ka ƙara laƙa ma sama laihi, da yau ka kwana hwadama. Tahi ka yi aikinka."

Har yau wannan sana'ar nake ci da ita, kuma duk lokacin da na tuna sai kunya da dariya su zo min tare. Na ɗora wa wani abu mai nisan da ido ba ya kaiwa laifi, alhali matsalar tana tsakar gidanmu, a notin da ni na bari. Yanzu in aka kira ni aka ce ba sigina, ba na fara zagin gwamnati ko tauraro. Sai in duba aikin hannuna tukuna, sannan in nemi matar gida cikin ladabi in tambaye ta a ina take shanya.