Kawun da muka ɗauko daga Kudan

Gari bai gama wayewa ba muka bar Ikara, ni da yayana, ko koko ba mu tsaya sha ba. Tun da kamfanin da yake wa aiki a Kano ya rage ma'aikata yake zaune a gida, ga iyali. Bana Allah ya taimaka ya samu shiga horon da gwamnati ke ba marasa aiki, ya koyi gyaran injin ban-ruwa. Karatun aji ya ƙare, saura zama a hannun makanike. Aka ce duk wanda bai samu wurin da za a karɓe shi ba kafin mako ya fita, a ba wani gurbinsa, kayan aikin da za a raba kuma sai dai ya ji labari.

Motar Makarfi ta cika maƙil, kuɗin mota kuwa ba a magana. Hanya dai da sauƙi, sai ramuka nan da can. Gonakin rake dama da hagu, ga hayaƙin masu dafa mazarƙwaila. Na sayi kara ɗaya ina sha, Yaya ko kallonsa bai yi ba, hankalinsa na kan takardar gwamnati da ke aljihunsa.

Makaniken da aka yi mana kwatancensa a Makarfi dattijo ne, injuna jibge a gabansa don an fara noman rani. Muka gaisa sosai, Yaya ya miƙa takarda da hannu biyu. Ya duba, ya mayar masa.

"Na gani. To wa ya kawo ka?"

"Ni na kawo kaina, Baba. Ga kuma ƙanena."

"Ƙane ba ya ba da wansa. Ni ba na ɗaukar yaro sai babbansa ya damƙa mini shi hannu da hannu. Gobe in wani abu ya faru, a ina zan ga gwamnati in yi mata magana?"

Yaro! Mutumin da furfura ta fara fito masa a gemu. Wallahi raina ya ɓaci, har na buɗe baki Yaya ya taka mini ƙafa. Mahaifinmu ya rasu, babban da ya rage mana shi ne kawunmu na Kudan, shi kuwa Yaya ya daɗe da ɗauke ƙafa daga gidansa, don kunyar zuwa hannu rabbana.

Haka nan muka kama hanyar Kudan. Can tumatir da dankali ke magana, kwanduna jere a bakin titi. Muka ci soyayyen dankali da yaji a tasha, ya fi na garinmu araha nesa ba kusa ba. A fadama muka tarar da Kawu. Ya ɗago ya kalli Yaya ya ce, "Au, ashe kana duniya?" Yaya ya durƙusa, ya faɗi abin da ke tafe da mu. Kawu ya ajiye aiki. Ya shiga gida ya yi wanka, ya zura babbar rigarsa ta Juma'a, ya ce in sayo goro.

Bayan la'asar muka koma Makarfi. Kawu ya kama hannun Yaya ya sa a cikin na makaniken.

"Ga ɗana nan, na ba ka amana. In ya karkace ka miƙar da shi, ba sai ka tambaye ni ba."

Aka raba goro, aka shafa fatiha. Nan take dattijon ya nuna wa Yaya wani inji ya ce a kwance. Yaya ya tuɓe riga ya durƙusa.

Da magariba muka iso Ikara, hannunsa duk baƙin mai. Na koyi cewa takardar gwamnati iyakarta ƙofar gareji, shiga ciki sai da babba, don haka duk mai shirin zuwa ya tafi da nasa. Da na fara tsokanar Yaya da sunan yaron gareji, sai ya ce, "Kira ni da shi. Rabon da wani ya riƙe hannuna ya ce wannan ɗana ne, tun Baba yana da rai."

Na bar tsokanar, muka shiga gida.