Zuwa Yamai da 'Yar Fari

Duk wanda ya karanci tarihin duniya da natsuwa zai gane cewa abu biyu ne ke riƙe da al'umma: kunya da takarda mai hatimi. Ta farkon mu Kurfayawa gadonta muka yi. Ta biyun kuwa sai an je Yamai.

Mun tashi da asuba daga tashar Filinge, ni da maiɗakina da 'yarmu ta fari, mai shekara goma. Daraktan lakwal, wato makarantarsu, ne ya ce in babu takardar likita kada ta dawo bayan hutu. Laifinta shi ne da zarar aji ya ɗauki karatu da murya ɗaya, sai ta toshe kunnuwa ta shige ƙarƙashin tebur. A lissafi ba mai kamo ta, amma iyayen yara sun fara cewa iska ce, shi kuma darakta ya fi tsoron iyayen yara a kan iskar. Ni ma malami ne, na daɗe ina shaƙar alli a kwaleji, na san ba a gardama da mai neman takarda.

Motar ta mutum goma sha tara ce, a rubuce. Kafin mu kai Bankuku na gane cewa duk likitocin da ƙasar nan ke kukan rashinsu suna cikinta. Wata dattijuwa ta yaba wa yarinyar, wai ba ta ɗaga ido, ba ta sa baki a maganar manya, tarbiyya irin ta da. Direba na kunna rediyo yarinyar ta toshe kunne tana rausaya, sai dattijuwar nan dai ta ba mu kwatancen gidan wani mai bori. Wani ya ce rubutu, wani ya ce sanda. Yarinyar kuwa tana ƙirga duwatsun kilomita na bakin hanya, har ta sanar da direba cewa biyu sun ɓace. Ban ji wata magana mai hujja a motar ba sai wannan.

A Balayara muka ci dambu da kopto, wato ganyen zogale da ƙuli. Mai sayarwar ta ji ban iya Zabarmanci ba, ta ƙara mini kuɗin jahilci. Yarinyar ba ta taɓa komai ba, don mun manto shuɗin kofinta a gida, ita kuma ba ta ci ba ta sha sai da shi. A kowane shinge sai an sauka an nuna katin shaida. Wani jandarma ya tambaye ni sunan yarinyar, na miƙa masa takardar haihuwa ya karanta da kansa.

Kwana uku muka yi a Yamai, a gidan ƙanen maiɗakina. Ranar farko ta ƙare a bin tagogin asibiti, kowace taga tana da ilimin tagar da ta kamata mu je. Daga ƙarshe aka tura mu sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Nan maiɗakina ta ja ta tsaya, wai kada wani ɗan garinmu ya gan mu. Muna shiga muka ga ɗan garinmu a kan benci. Muka gaisa a kan damina, ba wanda ya tambayi wani.

Likitar mace ce mai haƙuri. Safiya biyu tana zaune da yarinyar a kan tabarma da kayan wasa, sannan ta juyo kanmu da tambayoyi. Yaushe ta fara magana? Tana nuna abu da yatsa tana ƙarama? Muka dubi juna. 'Yar fari ce. Tun yaye tsohuwata ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, kuma iyaye masu mutunci ba sa zura wa ɗan fari ido, balle su riƙe irin wannan lissafi.

"To, Malam, in ka kira sunanta tana waiwayowa?"

Na ce ban taɓa kira ba. Likita ta ajiye biro. Na yi mata bayani kamar ina gaban allo: ba a kiran sunan ɗan fari, wannan kuma sunan mahaifiyata aka sa mata, kunya ta zama biyu. Ni "ke" nake cewa, uwarta "wance", kakarta "takwara", maƙwabta "Inna ƙarama". A lakwal kaɗai ake kiran sunan yanka, kuma can ne ake ƙorafin ba ta amsawa.

Dole aka kira tsohuwa a waya. Sai da ta gaida likita, da mijin likita, da gajiyar likita, sannan ta zubo bayani: yarinyar ta fara magana kakar da rijiyar unguwa ta rufta, ba ta taɓa nuna abu da yatsa ba, hannun mutum take ja, kuma tun tana rarrafe ba ta son ƙarar turmi. Abin da mai takardun makaranta ya kasa a kwana biyu, wadda ba ta taɓa shiga aji ba ta gama shi kafin kuɗin wayata su ƙare.

Likita ta ce otisim ne, irin wanda mai shi ke magana yana karatu, amma ƙara da canji da sha'anin mutane suna yi masa nauyi. Ba iska ba ce, ba laifin reno ba ne, ba kuma abin da allura ke cirewa ba. Ta ce akwai masu koyar da irin waɗannan yara, zuwa sau ɗaya a mako, a Yamai. Na tuna shingayen hanya, na yi godiya. Ta sa maiɗakina cikin wata ƙungiyar iyaye ta waya, ta rubuta wa darakta cewa a zaunar da yarinyar kusa da ƙofa, a bar ta ta fita lokacin karatun murya ɗaya. Ta buga hatimi. Ni kuma ta ba ni aikin gida: suna ɗaya, kowa da kowa, kuma uba ne zai fara.

A hanyar dawowa yarinyar ta tabbatar cewa duwatsun nan biyu ba su dawo ba. Darakta ya juya takardar, ya shafa hatimin da yatsa, ya ce ta zo ran Litinin.

Tafiyar ta koya mini cewa shekara goma muna yaba wa yarinya kunya a inda take neman taimako, kuma mai koyar da 'ya'yan mutane yana iya jahiltar tasa. Don haka da la'asar na tsaya a tsakar gida, na gyara murya kamar ranar zuwan sufeto, na kira sunan da ban taɓa furtawa ba tun da aka haife ni.

Tsohuwa ce ta amsa.