Ranar da Muryar Régis Ta Ɗauke

Har yau ban manta da ranar da maigidana Alhaji Bello ya tura ni unguwar Derrière la Prison da kayan sauti ba. Wata Asabar ce cikin damina, ban daɗe da hawa tebur ba. Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, hayar kayan sauti, abin da ake kira sono a nan Libreville, hawa-hawa ce. Da dako ake farawa, kana ɗaukar lasifika kana lodawa a mota. In an ga hankalinka sai a mai da kai mai jan waya. Na ƙarshe shi ne mai zama a tebur, wanda maɓallan ɗaga murya da sauke ta ke hannunsa. In taro ya yi kyau ba wanda ya san da zamansa, in ya lalace kowa shi zai waiwaya ya harara.

Ni kafin wannan rana duk aikina biki ne da suna da taron coci. Abin da Alhaji ya koya mana shi ne mai tebur mai rufin asiri ne. Mawaƙi ya kauce, ka ɗaga kiɗa ka rufe shi. Muryarsa ta gaza, ka ƙara masa amsa-kuwwa har a kasa ganewa.

Da zan tafi ya kira ni ya ce, "Ibro, yaran nan masu taron ihu kawai suke yi. Kada mikro ɗina ya bar hannun mawaƙi. In ka ga jar wuta ta kama a tebur, ka sauke."

Na ce, "To, Alhaji."

Wurin tsohon garejin gyaran mota ne a bayan wata mashaya. Rufin kwano, ba taga, ƙasa duk baƙin mai. Babu dandamali, katakan lodin kaya aka jera aka ɗora ganguna a kai. Da rana suke wasansu, don maƙwabta sun taɓa kai ƙara, aka gindaya musu sharaɗin su tashi kafin magariba. Kiɗan nasu suna ce masa hardcore, wani ɓangarensa kuma screamo. Ba a sa shi a rediyo, ba a kiransu biki. Su ke haɗa taronsu, su ke sanar da junansu ta waya.

Ina cikin balans, wato gwajin sauti kafin mutane su shigo, wani dogon saurayi siriri mai tabarau ya zo ya tsaya kusa da ni. Yana riƙe da gorar ruwan zafi da citta. Na ɗauka malamin makaranta ne. Ashe shi ne mawaƙin ƙungiyar da za ta rufe taro, sunansa Régis. Da Faransanci ya yi mini magana, murya ƙasa-ƙasa, yana ce mini Tonton, wato kawu.

"Tonton, ina da roƙo. Likita ya ga tsiro a maƙogwarona, za a yi mini aiki. Ya ce ko magana in rage. Yau ce ta ƙarshe. In muryata ta ɗauke, kada ka rufe ni da jita. Ka sauke ta."

Na ce, "Za a ji ka kana kakari fa."

Ya ce, "Shi nake so a ji."

Wata budurwa mai suna Nadège, ita ke buga musu ganga, tana ɗaure ƙarafan gangunanta tana jinmu. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Mun roƙe shi ya fasa, ya ƙi." Na fita bayan gareji na yi sallar la'asar, na dawo na tarar wuri ya cika.

Ba taron kirki ba ne wajen yawa, aji guda na makaranta zai ɗauke su. Akwai ɗalibai, akwai makanikai da kayan aikinsu a jiki, akwai wani da aka ce tun daga garin Ntoum ya hawo mota. Ƙungiyar farko na farawa na ji kamar an kifar da tirelar ƙarafa a cikin ɗakin. Waƙa ba ta daɗewa, kafin ka gane kanta ta ƙare an shiga wata. Sai na ga na gaba sun fara ture juna, kafaɗa da kafaɗa, suna zagayawa. Na miƙe zan kashe wuta, a zatona faɗa ne. Wani ya zame a kan baƙin man nan ya faɗi, kafin in kai hannu an ɗaga shi tsaye, an miƙa masa takalminsa, ya koma ciki. Na zauna.

Ana haka ruwa ya sauko. Zafi ya kai inda gumin mutane ke taruwa a jikin kwano yana ɗigo mana. Na cire rigata ta sama na lulluɓe rabin tebur.

Su Régis ne ƙarshe. Kiɗansu daban yake, yana farawa a hankali kamar mai lallashin yaro, sai ya fashe gaba ɗaya. Saurayin nan da na ɗauka malami ne ya cire tabarau, ya naɗe wayar mikro a hannu, ya duƙa ya buɗe baki. Na sa abin kunne, wanda mai tebur ke ware murya ɗaya da shi ya saurare ta ita kaɗai. Abin da na ji ba waƙa ba ce irin wadda na sani. Na taɓa jin irinsa sau ɗaya a Maraɗi ina yaro, ranar da aka kawo wa maƙwabciyarmu labarin rasuwar ɗanta.

Ya yi waƙoƙi kaɗan lafiya. Ana tsakiyar wata sai na ga fitilar layinsa ta faɗi ƙasa. Bakinsa a buɗe, jijiyoyin wuyansa a tashe, amma iska kawai ke fita. Kafin in yi tunani yatsana ya riga ya hau maɓallin jita zai tura sama, don abin da hannu ya saba ke nan. Mutane ba su lura ba tukuna. Da na tura, da an gama waƙar ba wanda ya sani. Na dubi Nadège, ita ma ni take kallo, tana bugu tana kuka.

Na ja maɓallin ƙasa.

Ɗakin ya yi wani irin fayau. Nadège ta sassauta hannu. Aka koma ana jin ruwa a kan kwano, da wata 'yar murya a shaƙe kamar ana jan buhu a siminti. A nan ne na fara jin kalmomin. Waƙar yayansa ce, wanda ya tafi neman aiki wata ƙasa, ya yi waya sau biyu aka daina jinsa. Yana faɗin yadda uwarsu ba ta yarda wayarta ta mutu, ko kasuwa za ta sai ta tafi da abin caji. Ya kai wani wuri muryar ta ƙi gaba ɗaya.

Ashe duk sun haddace ta. Wata yarinya a gaba ta ɗauka daga inda ya tsaya, saura suka bi. Régis ya miƙa musu mikro, suka yi masa rubdugu, kai bisa kai, kowa na son bakinsa ya kai. Ina gani mikro ya bar hannunsa. Jar wuta ta kama a tebur ta ƙi sauka, ni ma ban sauke ba. Shi kuwa ya durƙusa a gefen katako yana tari cikin hankici. Da aka buɗe ƙofa haske ya shigo na ga jini a jikin hankicin.

Ba a yi tafi sosai ba. Suka taya ni loda kaya cikin ruwa.

Washegari Alhaji ya juya mikro a hannunsa, kansa ya lotse, ragar ta ɓalle.

"Na ce kada ya bar hannun mawaƙi."

"Ya bari, Alhaji."

"Kana kallo?"

"Ina kallo."

Bai yi faɗa ba. Ya mai da ni jan waya, sai da damina ta wuce wata ta kusa kamawa kafin ya sake ba ni tebur. A tsakanin nan mai garejin ya ba wani haya, ya zama wurin ajiye lemo. Ƙungiyar ta watse.

Na sake ganin Régis sau ɗaya, a tashar Port Môle, muna loda kaya a jirgin ruwa. Yana aiki wurin masu duba kaya. Shi ya gane ni. Na tambaye shi ko ya koma waƙa, ya girgiza kai. Sai da ya kawo bakinsa kusa da kunnena sannan na ji abin da yake cewa. Wai duk waɗanda suka ɗauka a waya ranar, ba a jin komai sai ƙara. Ya ce, "Kai kaɗai ka ji ni sosai, Tonton. Yaya muryar take?"

Na ce, "Ta fashe. Amma har inda ka tsaya ba kalmar da ta ɓace mini."

Ya gyaɗa kai. Aka kira shi ya tafi.

Ku da kuke shirin hawa tebur, za a koya muku waya da maɓalli, kuma ku kula da kayan mutane, don amana ne. Amma ba duk wanda ya riƙe mikro ne ya zo don a ji daɗinsa ba. Kafin taro ya fara, ku bar tebur ku je ku tambayi mai muryar abin da ya zo faɗa. Wani sau ɗaya zai samu ya faɗe shi.