Addu'ar Mama Keziya a Kan Littafin Ɗanta

Mama Keziya ba ta taɓa yabon miyar kowa ba, balle littafi. Malamar firamare ce a Samaru har ta yi ritaya, kuma duk labarin aljanu da ya shigo kasuwar Sabon Gari sai ta karanta shi ta yi masa tatas. Mijinta ya rasu yana jiran ta ce masa madalla ko sau ɗaya. Ɗansu Bernard ya gaji wannan jiran.

A 2006 Bernard, mai shagon buga takardu a bakin jami'a, ya sayar da babur ɗinsa ya wallafa littafi kan wata masarauta da ke ƙarƙashin ruwa. Uwarsa ya fara kai wa. Ta karanta, ba ta ce uffan ba. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka shirun yabo ne, har ya roƙe ta ta sa wa littafin albarka ranar ƙaddamarwa a cocinsu na Sabon Gari.

Ina wurin. Fasto ya ce a rufe ido, muka rufe.

"Ya Ubangiji," in ji Mama Keziya, "kai da ka gama halitta kafin ka huta, ka dubi ɗana da ya huta kafin ya gama. Ka ji tausayin sarauniyar ruwan nan da ya ba ta kambi bai ba ta hali ba."

Muka ce amin. To me za mu ce? Ba a katse addu'a.

"Ka nuna masa inda ya yar da dodon babi na uku, don na nema har bangon baya ban gan shi ba. Yaƙin da ya yi ta yi mana alkawari, ka gafarta masa da ya gama shi a layi biyu. Na zauna da yunwata, ya dire mini tukunya babu komai a ciki."

Na buɗe ido ɗaya. Bernard na durƙushe a gabanta, littafin a tafin hannunsa, hannunta a kansa, gumi na bin wuyan sabuwar rigarsa. Haushinta ya cika ni, ga shi ko kalma ɗaya ba ta yi ƙarya ba.

Ta rufe da sunan Yesu, amma ba ta ɗauke hannunta ba. Ta sauke makirufo daidai bakinsa.

"Bernard, ban ji naka amin ɗin ba."

Ya faɗa, har na bencin baya suka ji.