Igiyar ƙofa ta huɗu

A shekarar da na gama digiri na biyu a Doha, takardar zamana tana hannun jami'a, kuma saura mata 'yan watanni. In ban sami kafil ba, wato kamfanin da zai ɗauke ni aiki ya tsaya mini, sai dai in tattara in koma gida. Shi ya sa na shiga aikin sa kai a wata gasar tenis ta maza da ake yi duk shekara a rufaffen zaure. An ce kamfanin da ke shirya gasar yakan zaɓi 'yan kaɗan cikin masu sa kai ya ba su aiki. Ban tabbatar ba a lokacin, amma na riƙe maganar.

Aikina shi ne tsare ƙofa ta huɗu da wata jar igiya. Dokar ɗaya ce: ba mai shiga ko fita ana tsakiyar wasa, sai 'yan wasa sun zauna hutun sauya gefe. Kuma ba a magana. A zauren nan ko tari mutum ya yi sai an ji, balle gaisuwa irin tamu. Shugabarmu, wata mata 'yar Tunisiya mai yawo da rediyon hannu, ta maimaita mana wannan har na riƙa mafarkinsa. Ta kuma nuna mana wata matakala ta baya da ke fita can saman kujeru, inda 'yan wasa ba sa gani. Ta ce in babban baƙo ya makara, a bi da shi ta nan a zaunar da shi a sama kafin hutu.

Akwai wani dattijo ɗan jiharmu, injiniya a kamfanin gas, wanda kowa ke kira Baba Injiniya. Watanni kafin gasar na kai masa takarduna har gida a Al Rayyan, na durƙusa na gaishe shi, na roƙe shi ya sa mini baki. Ya karɓa ya ce in sha Allah. Bayan mako biyu, a wajen wani suna, ya zaro wasiƙata daga aljihu ya karanta wa jama'a, ana cin shinkafa.

"Ku ji Malam Digiri," in ji shi. "Wai yana ganin watakila zai iya. Kai, ɗana, in kai ba ka sani ba, ni zan sani?"

Aka yi ta dariya. Har da ni na yi, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Daga baya na ji cewa an tambaye shi a kaina a wani kamfani, ya ce yaron kirki ne amma ba shi da ƙarfin hali. Ban ji da kunnena ba, don haka ba zan rantse ba. Abin da na sani shi ne ba a sake kirana ba.

Ranar wasan kusa da na ƙarshe, da la'asar, na hango shi yana hawowa da babbar riga mai aiki, tare da wasu Larabawa biyu. Daga yadda yake rusuna musu na gane manyansa ne a ofis. An riga an fara wasa. Ya gan ni, fuskarsa ta washe.

"A'a, ɗana! Kai ne a nan? Ina wuni, ya karatu, ya mutanen gida?"

Na ɗora yatsa a leɓe. A duk rayuwata ban taɓa yi wa babba haka ba. 

"Sai an yi hutu, Yallaɓai," na raɗa masa.

"Wane hutu? Ga tikiti. Yalla, maza ɗage igiyar nan, baƙi gare ni."

"Doka ce, Yallaɓai."

Ya juya ya ce wa baƙinsa da Turanci wannan yaronsa ne, yanzu zai buɗe. Ban buɗe ba. Matakalar baya tana nan taku goma daga inda muke tsaye, kuma katin ƙofarta yana rataye a wuyana. Na tuna da ita sarai. Na kalli filin.

Sai Allah ya sa zagayen wasan ya ƙi ƙarewa. Suka yi kunnen doki, wannan ya ci, wancan ya rama, aka koma kunnen doki. Duk lokacin da ƙwallo ta daki raga sai in ji wani sanyi a ƙirjina wanda ba na na'urar sanyaya ɗaki ba ne. Ɗaya daga cikin baƙin ya duba agogo. Ɗayan ya tambayi Baba Injiniya, cikin murmushi, ko ya tabbata yaronsa ne.

"Kai, wai ba ka san ni ba ne?" Muryar Baba Injiniya ta tashi. "Uban wa ya koya maka wannan?"

Alƙalin wasa ya juyo daga kan doguwar kujerarsa ya roƙi a yi shiru a ƙofa ta huɗu. Rabin zauren ya waiwayo. Ɗan wasan da zai buga ya tsaya da ƙwallo a hannu yana kallon babbar rigar. Na ga gumi a goshin Baba Injiniya, a wurin da ni kaina nake sanye da rigar sanyi. Da hutu ya zo na ɗage igiyar, na rusuna sosai, na ce, "Bismillah, Yallaɓai. Ina ganin watakila yanzu za a iya."

Bai kalle ni ba.

Washegari shugabarmu ta kira ni gefe. Baba Injiniya ya kai ƙarata, a rubuce. Ta ce riƙe igiyar daidai ne, ba ta da ja. Sannan ta tambaye ni ko na gaya masa akwai matakalar baya. Na so in ce na manta. Kalmar tana bakina, kuma da ta yarda, don ta san ni da ruɗewa. Amma na kasa.

"Na tuna," na ce. "Ban gaya masa ba."

Ta ce khalas, wato shi ke nan, ta mayar da ni wajen ajiye motoci a ranar wasan ƙarshe. Da sunayen waɗanda aka ɗauka suka fito, babu nawa. Mai yiwuwa ko ba don wannan ba da ba a ɗauke ni ba, mutane da yawa sun nema. Ba ni da hanyar sani.

Na koma ɗakinmu a Al Wukair na ci gaba da aika takardu, kwanakin takardar zamana suna raguwa. Abokin zamana ya ce na yi wauta, na sayar da aiki don tsayuwar dattijo ta minti goma sha wani abu. Na ce masa yana da gaskiya. Na yi istigfari a kan abin, fiye da sau ɗaya. Sai dai duk sanda na zo wurin nadama, abin da ke zuwa mini shi ne fuskar nan da zaure ya waiwayo, kuma har yau ban iya cewa "da na sani" da zuciya ɗaya ba.