Harafin da Ya Hana Yaya Zuwa Asibiti

Duk wanda ya san yayana Malam Habu ya san ba ya barin kalma ta wuce sai ya tafa hannu ya datsa ta gaɓa-gaɓa. A Damagaram ya yi karatu, ya dawo yana koyar da Faransanci a Rano. Can Damagaram, Mushe ake ce wa malamin boko. Muka ce, "Yaya, mushe fa a nan abin yarwa ne!" Ya ce, "Ku yar mana." Sunan ya bi shi.

Kalma guda ce ta hana mu kai shi asibiti. Zan faɗa a jere.

Da farko ita kalmar, ta Faransanci ce: j'irais. Ji, re, gaɓa biyu. Ya ce gindinta ir, wutsiyarta ais, ma'anarta "da na je". In ka cire s ta ƙarshe, ta koma "zan je". Ita s ɗin rubuta ta ake, ba a furta ta. Bambancin kawai a yawan buɗe baki yake.

Sai siyasa. Wani ɗan takara ya zo garinmu Fassi, ya ce zai je Kano ya kawo mana likita. Yaya ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, zuwan nan mai s ne ko marar s?" Yaran ɗan takara suka ɗauka zagi ne, suka fasa masa tabarau. Yaya yana tsintar gilashin ya ce, "Mai s ne."

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, wani matashi mai wa'azi ya tare shi. "Malam, cewa 'da' ƙofar Shaiɗan ce, kai kuma kana koya wa yara ita da yaren Nasara!"

"Da na bari, da me za mu ci?"

"A'uzubillahi! Har biyu a numfashi guda!"

Daga nan ƙari ya fito masa a maƙogwaro. Mutane suka ce r ɗin Faransawa ce, shekara da shekaru yana kakarinta. Murya ta dushe, ko kunu da ƙyar yake wucewa. Na tsaya a kansa. "Yaya, za ka je asibiti Kano ko ba za ka ba?"

Ya ce, "Jire."

Na ɗauko mota daga tashar Kibiya. Ya ƙi tashi daga tabarma.

"Ba kai ka ce za ka je ba?"

"Mai s na faɗa. Kunnenka ne bai yi makaranta ba."

Raina ya ɓaci. "To, da ka je in da an yi me? Ƙarasa!"

Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin matarsa Hajara, wadda shi da kansa ya kai asibitin, aka dawo masa da ita a naɗe cikin likkafani. Ya ce, "In da ta dawo da ƙafarta."

Na fita na sallami direba.

Bai ga kakar shekarar ba. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sanyaya makwancinsa, Ya haɗa shi da Hajara a inda ba a rabuwa. Amin.