Hawan Ƙasa na Kabad Ɗina

Kabad ɗin yana nan a ɗakina har yau, ƙofa ɗaya da gilashi, ɗaya da kwali. Jikokina sun gaji da cewa a kira kafinta ya gyara. Na ce duk wanda ya taɓa shi zai gamu da ni, kuma sun san ba wasa nake ba.

Mahaifina malami ne a cikin garin Haɗeja, Baffa muke ce masa. Bafillatanin gida ne, shanun sun ƙare tun zamanin kakansa, sai littattafai suka rage. Cikin 'ya'yansa mata ni kaɗai na zauna na yi karatu a gabansa, ba don na fi kowa kai ba, sai don na fi kowa naci. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, yayyena suka nufi gida da gona, ni na ce a sa mini littattafan a rabona. Aka yi ta kallona kamar na zare.

Littattafan na hannu ne, warƙa warƙa, ba ɗinki. Kowanne a cikin gafakarsa ta fata, a rataye. In Baffa zai jera su kuwa yana da ƙa'ida: Alƙur'ani a sama, ba a ɗora masa komai, sai tafsiri, sai hadisi, sai fiƙihu. Can ƙasan duka sai wani ɗan littafi na waƙen wa'azi da ya tsara da kansa, ya rubuta da ajami da hannunsa. Na taɓa tambayarsa don me nasa yake ƙarƙashi kullum. Ya ce, "Maganata ce, 'yar nan. Ina ta isa ta hau kan ta manya?" Da wannan littafin ya koya mini haɗa baƙi, ina zaune a gefen buzunsa yana nuna mini da tsinke. Duk cikin gadon shi ne raina.

Aure ya kai ni wani ƙauye a fadama, ta wajen Guri, inda kogi yake kusa da bayan gida. Maigidana fataucin bandar kifi yake yi. Karatunsa bai wuce na salla ba, amma in zai shiga ɗakina sai ya wanke hannu saboda ƙarnin kifi, wai kada littattafan su ji. 'Yar malam yake kirana, rabi tsokana rabi girmamawa.

Daminata ta biyu a gidan rufi ya yi yoyo, ɓera kuma ya gwaguye gefen gafaka guda. Na zauna na yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Maigida ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona, can ya ce, "Share hawayenki. In Allah ya yarda sai na yi musu gida."

Lokacin zamanin Turawa ne, jirgin ƙasa bai daɗe da fara biyowa ta Malam Madori ba. Wani Bature mai sayen gyaɗa a tashar zai koma ƙasarsu, aka sa tsofaffin kayan gidansa a gwanjo. Maigida ya kai kifi ya gani, ya dawo da labari. Ni ina cikin gida, ba zuwa zan yi ba, don haka da kunne na yi zaɓen. Ya zauna a kan tabarma yana kwatanta mini da hannu.

Ya ce kabad guda biyu ne. Ɗaya gajere, iya ƙugu, baƙin katako, da maɗauki a gefe da gefe, mutum biyu sa ɗauke shi. Ɗayan dogo, ya fi shi tsawo, hawa huɗu, ƙofofinsa na gilashi, ya tsufa har katakon yana sheƙi.

Na ce, "Gilashin nan, ana ganin abin da ke ciki?"

Ya ce, "Tar. Kamar ba komai a tsakani."

"Ko ina kan gado?"

"Ko kina kan gado, 'yar malam. Amma ni da gajeren kika ɗauka."

Na ce shi ya sayi gajeren ya zuba kifinsa. Ni dogon nake so. Gafaka tana ɓoye littafi, ni kuwa so nake in buɗe ido da safe in ga rubutun Baffa. Ya yi dariya ya ce ya ji, dama ya san amsar tun a hanya.

A kan amalanke aka jawo shi har bakin ruwa, sannan aka kwantar da shi a kwalekwale. Ƙauye kaf ya fito kallo, mata suna leƙa fuskokinsu a gilashin suna gyara ɗankwali. Sai da aka iso tsakar gida muka lura da abin da ba wanda ya tuna. Ƙofar ɗakunanmu ta sunkuyo ce, kabad kuwa bai san sunkuyo ba. Aka juya shi ta kai, aka juya ta gefe, ya ƙi. Maigida ya ce a kira magini. Aka fasa bango, aka shigar da shi, aka mayar da ginin.

Surukata, Iya, tana zaune a gindin turmi tana kallon duk abin da ake yi. Sai da magini ya gama shafe sannan ta yi magana. Ta ce, "Mu dai a bakin kogin nan, ba mu ajiye abin da kai ba zai ɗauka ba." Uwa ce, amma na ji haushinta. A raina na ce tsohuwar nan ba ta taɓa ganin abu mai kyau ta bar shi ya wuce lafiya ba.

Na fito da littattafan daga gafakokinsu na jera yadda Baffa yake yi, Alƙur'ani a hawan sama, nasa a hawan ƙasa. Na buɗe warƙar farko ta fuskanci gilashi. Gafakokin na rataye su a zaure har suka bushe suka tsage.

Wayyo, shekarun nan. Ban taɓa jin daɗin zama irin nasu ba. Da hantsi rana takan shigo ta ƙofa ta sauka daidai hawan ƙasa, jar tawadar da Baffa ya yi wasali da ita ta fito. In maigida ya dawo daga kasuwar Kafin Hausa, sai ya wanke hannu ya jingina da kabad ɗin ya ce in karanta masa waƙen surukinsa. Ba ya kai rabi yake yin barci. In tashe shi da faɗa, ya rantse yana ji, in ce to maimaita, ya kama kame-kame. Ina kewar wannan faɗan fiye da yadda zan iya faɗa.

Shekarar da ruwan ya zo, ƙarshen damina ne, shinkafa ta fara ɗaukar ciki. Maigida yana fatauci. Ni ina unguwar tudu wajen suna, da rana tsaka, sai muka ji ana cewa jingar da ke tare kogi ta ɓalle. Kafin in iso gida ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida, ja, yana tafe da kara da kaji. Iya ta riga ta ɗaure nata kayan a ƙwarya ta ɗora a ka. Da ta gan ni ta sauke, ta biyo ni ɗaki.

Na ja ƙofar kabad, ta ƙi. Danshin damina ya kumbura katakon. Na ja har farcena ya karye. Iya ta miƙo mini taɓarya ta ce, "Fasa, 'yar nan." Na fasa. Ta kwance mayafinta ta shimfiɗa a kan gado, muka kwashe daga sama zuwa ƙasa, don da haka hannu ya saba, ba a fara ɗaukar wani kafin Alƙur'ani. Da na sunkuya hawan ƙasa, hannuna cikin ruwa ya shiga.

Tawadarmu ta gawayi da ƙaro ce, irin wadda ake wankewa daga allo a sha. An yi ta ne don ruwa ya ɗauke ta. Na ɗago warƙoƙin suna ɗigar baƙin ruwa ta tsakanin yatsuna, ina gani, ba abin da zan iya yi.

A tudu muka shanya su a kan faifai, Iya tana danne kowace da tsakuwa. Suka bushe fari fat, sai dishi-dishi a gefe. Na jira ta ce ai ta faɗa. Wallahi har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar da maganar ba, kuma daga ranar na daina jin haushinta.

Da ruwa ya janye, ɗakin ya narke ya zube, kabad yana tsaye cikin taɓo shi kaɗai. Maigida ya dube shi ya ce, "To, yau dai ya sami ƙofa." Ya yi don in yi dariya, da ya ga fuskata sai ya sunkuyar da kai. Daga baya ya ce da ya sani da ya matsa mini a kan gajeren. Na ce kada ya ƙara faɗin haka. Shekarun da na yi ina tashi ina ganin hannun Baffa, gajeren ba zai ba ni su ba, kuma ko yau aka sake tambayata dogon zan ce.

Bayan rasuwarsa ɗana ya dawo da ni Haɗeja, na ce ba inda za ni sai da kabad. Sauran littattafan suna nan lafiya. Fararen warƙoƙin ma suna nan a hawan ƙasa. Wata jikata ta ce in mayar da su sama mana, tunda ba komai a jiki. Na ce nan mai su ya ajiye su.

Da hantsi nakan ɗauko su in ɗora a cinya, in riƙa juyawa ina rera waƙen daga kai. Ina tafiya daidai har wajen da yake maganar haƙuri. A nan akwai baiti ɗaya da ya ɓace mini, na san farkonsa, ƙarshen ya ƙi zuwa. Baffa ba ya nan. Wanda ya sha jin sa a bakina yana gyangyaɗi, shi ma ba ya nan. Sai in zauna da farar takardar a hannu, ina maimaita farkon.